Yadda ake zaɓen lagwanin da ya dace da kyandir ɗin kakin soya a zafin Yamai

Idan kina cikin matan da suka ƙara kyandir mai ƙamshi a kan sana'arsu ta turaren wuta, humra ko sabulu, kin riga kin san narka kaki da zuba shi a kwalba ba wani abin wahala ba ne. Inda aikin yake shi ne wannan ɗan zaren da ke tsakiya. Kaki mai kyau da turare mai tsada duk suna iya tashi a banza idan lagwanin ya yi ƙanƙanta ko ya yi girma, kuma ba za ki gane hakan da ido ba ranar da kika zuba. Sai an kunna.

Aikin lagwani shi ne ya tsotso kakin da ya narke ya kai shi sama, zafi ya mayar da shi tururi, tururin nan ne ke ci da wuta. Kenan kaurin lagwani da irin saƙarsa su ke yanke yawan kakin da wuta za ta samu a kowane minti. Ƙaramin lagwani yana ba da ƙaramin harshen wuta, sai ya narka tsakiya kawai ya yi ta nutsewa, ya bar kaki a jikin kwalba, a ƙarshe ruwan kakin ya shanye shi ya mutu. Babba kuma yana jawo kakin da ya fi ƙarfin wutar, abin da bai ƙone ba ya fita a matsayin baƙin hayaƙi, kwalba ta yi zafin da za ta iya tsagewa. Kamar girki ne a murhu: girman tukunya ke faɗin yawan itacen da za a tura mata.

Kakin soya yana da nasa hali. Man waken soya ne da aka sarrafa da iskar haidurojin har ya daskare, kuma a farkon shekarun 1990 wani Ba'amurke mai suna Michael Richards ya fito da shi a matsayin kakin kyandir. Idan ya narke ya fi farafin, wato kakin kyandir na yau da kullum da ake samu daga man fetur, kauri, ba ya hawa zare da sauƙi, shi ya sa yake bukatar lagwani mafi girma fiye da wanda za a sa wa farafin a kwalba iri ɗaya. Wadda ta saba da farafin ta koma soya da tsofaffin lagwanenta, rami za ta yi ta samu.

Fara da sanin kakin da ke hannunki

Kafin maganar lambar da ke nuna girman lagwani, duba buhu ko ledar da kakin ya zo a ciki. Wanda ya fi yawo a hannun masu wannan sana'a shi ne Golden Brands 464, yana narkewa a tsakanin digiri 45 zuwa 48. Ɗan'uwansa 444 ya ɗan fi shi tauri, yana narkewa daga wajen digiri 48 zuwa 52. Akwai kuma NatureWax C-3 na kamfanin Cargill, wanda shi ma ya fi 464 jure zafi. Wannan bambancin na digiri uku ko huɗu ba ƙaramin abu ba ne a garin da rana ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Kyandir ɗin 464 da aka bari a cikin mota ko a shago mai rufin kwano da tsakar rana zai yi laushi, turarensa ya tsattsafo sama, lagwanin ma ya karkace. A ganina, ga mai sayarwa a Yamai, 444 ya fi kwanciyar hankali.

Sau da yawa kuma kakin yana zuwa ne a farar leda babu suna, an auno shi daga babban buhu, mai kawowa ya ce soya ne. Yana iya zama soya zalla, yana iya zama gauraye da farafin ko kakin kwakwar manja. Soya zalla fari ne mai ɗan ruwan madara, haske ba ya ratsa shi, idan kin murza a yatsa yana barin maiƙo. Gaurayen ba laifi ba ne, sai dai wanda aka haɗa da farafin yana cin lagwani ƙarami. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne duk lokacin da kika sake mai kawo miki kaki, gwajin da kika yi a baya ya tashi aiki, sai kin sake.

Haka idan kina ƙara wani abu da kanki. Wasu suna zuba ɗan kakin zuma don kyandir ya jure zafi. Dabara ce mai kyau, domin kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, amma ko kashi 5 cikin 100 kika sa, sai kin sake duba lagwanin, galibi sai an hau lamba. Man kaɗanya kuma akasin haka yake yi, sassauta kakin yake.

Awon kwalba

Ɗauki rula ki auna faɗin kwalbar daga ciki, bango zuwa bango, ta tsakiya. Kada ki haɗa da kaurin gilashin. Idan kwalbar tana da ƙaramin baki da babban ciki, irin ta mayonez ko ta jam, auna cikin, ki kuma rubuta faɗin bakin daban. Idan kofi ne mai faɗi a sama da tsukakken gindi, irin kofin shayi, gindin ne abin tsoro, domin lagwanin da ya dace da sama zai yi wa ƙasan yawa.

Mutane suna raina santimita ɗaya ko biyu. Fuskar kakin da ke cikin kwalba mai faɗin santimita 6 wajen murabba'in santimita 28 ce. Ta santimita 8 ta kai 50, ta santimita 10 kuwa ta kusa 79. Daga 6 zuwa 8 aikin lagwani ya kusa ninkawa, alhali a ido kwalaben kamar ɗaya suke.

Ba kowane mazubi ne ya dace ba. Gilashi mai kauri da aka yi don ɗaukar zafi, gwangwanin da ba ya yoyo, da kofin tangaran mai sheƙi a ciki, duk suna yi. Roba da ƙwarya ba sa yi, komai kyansu a hoto. Kaskon yumɓu da ba a shafe cikinsa ba yana shan kaki, kuma jikinsa duka na iya kamawa da wuta. Gwangwani yana saurin ɗaukar zafi ya watsa shi zuwa gefe, don haka yakan wadatu da lagwanin da ya gaza na gilashi da lamba ɗaya. Gilashi mai kauri sosai kuma yana daɗewa bai ɗumama ba, sai ya ruɗe ki a awannin farko ki ɗauka lagwanin ya yi kaɗan.

Lambobin da ke jikin ledar lagwani

Lagwanen da ake sayarwa a shirye suna zuwa dangi-dangi. Waɗanda aka fi amfani da su a soya su ne ECO da CD, dukansu auduga ce da aka kitsa tare da siririn zaren takarda don su tsaya da ƙafarsu, sai HTP na kamfanin Atkins & Pearce na Amurka. Kitson yana da dalili: shi ke sa kan lagwani ya lanƙwasa zuwa gefen harshen wuta inda iska take, ya cinye kansa a hankali. Tun 1825 aka fito da wannan dabarar a Faransa, kafin nan sai an yi ta datse lagwani da almakashi ana cikin hira.

Lamba tana da ma'ana ne a cikin danginta kaɗai. ECO 10 ya fi ECO 8 girma, amma ECO 10 da CD 10 ba abu ɗaya ba ne. Kada ki musanya su don lambar ta zo ɗaya.

Jadawalin masu sayarwa ba ya haɗuwa daidai, amma ga kakin 464 galibi a nan suke faɗawa: kwalba mai faɗin santimita 5, ECO 2 zuwa 4 ko CD 5 zuwa 6. Mai santimita 6 zuwa 6 da rabi, ECO 6 zuwa 8 ko CD 8 zuwa 10. Mai santimita 7 zuwa 7 da rabi, ECO 10 zuwa 12 ko CD 12 zuwa 14. Mai santimita 8 zuwa 8 da rabi, ECO 14 ko CD 16 zuwa 18. Idan faɗin ya kai santimita 9 ko 10, daina neman ƙaton lagwani guda. Sa biyu ƙanana, ki raba faɗin gida biyu ki zaɓi lambar da ta dace da rabin, ki ba su tazara daidai tsakaninsu da kuma tsakaninsu da bango. Idan jadawalin da inci aka rubuta shi, inci ɗaya santimita 2.54 ne.

To ga inda muke rabuwa da masu rubuta jadawalin. Su a ɗaki mai digiri 20 zuwa 22 suke gwaji. A Yamai, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana iya zama a digiri 35 ko fiye da daren bazara. Kakin da ke narkewa a digiri 46, idan yana zaune a ɗaki mai digiri 36, saura masa digiri 10 kacal. A can kuwa sai wuta ta ɗaga shi da wajen digiri 25. Shi ya sa lagwanin da jadawali ya ce daidai ne yakan yi mana yawa a lokacin zafi. Idan jadawali ya ba ki lambobi biyu, fara da ta ƙasa. Amma kada ki wuce gona da iri, domin a Disamba da Janairu dare yana sauka ƙasa da digiri 20, kuma wannan kyandir ɗin da ya yi kyau a Mayu zai iya haƙa rami a hunturu. Lagwanin da kike nema shi ne wanda ba ya yin haɗari a bazara, kuma ba ya mutuwa a lokacin ɗari. Idan dole sai an karkata gefe ɗaya, karkata wajen ƙarami. Kyandir ɗin da ya bar ɗan kaki a bango asarar kuɗi ce kaɗan, wanda ya fasa kwalba a kan teburin mutane kuwa wata magana ce daban.

Lagwani mai waya a ciki, wanda ba ki san asalinsa ba, ki bar shi. Yawancinsu zinki ne, amma an taɓa yin na dalma, kuma Amurka ta haramta shi tun 2003 saboda gubar da yake saki a iska. Ko ba haka ba, mai waya bai cika yi wa soya zafin da yake so ba.

Idan da hannu za ki kitsa

Odar lagwani daga waje tana ɗaukar lokaci, kuma ba kullum ake samun kowace lamba ba. Ana iya kitsawa a gida, sai dai da sharaɗi. Zaren ya zama auduga zalla. A Babbar Kasuwa ko Wadata za a miƙo miki zare a ce auduga ne, ki yanki ɗan guntu ki kunna masa ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, zaren roba kuma narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Lagwanin fitilar kananzir an yi shi ne don mai mai ruwa-ruwa, faɗinsa ya yi wa kwalba yawa.

Lambarki a nan ita ce yawan silin zare. Ki yi kitso mai ƙafa uku, kowace ƙafa sili biyu, shida kenan. Ki yi wani mai sili tara, wani mai goma sha biyu. Ki tsoma su a narkakken kaki har kumfa ta daina fita, ki miƙar da su su bushe. Matsalar kitson hannu ita ce matsewar yau ba ta zama ɗaya da ta gobe, kuma sakakken kitso ya fi matsattse jan kaki. Don haka ki kitsa mai tsawo a zama ɗaya, ki gwada daga cikinsa, ki yi aiki da sauran. Don amfanin gida ya wadatar. Don sayarwa da yawa, na kamfani ya fi ba da tabbaci.

Turare da launi suna canza lissafi

Ana auna turare da nauyi, kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kaki. Giram 500 na kaki a kashi 8 zai ci giram 40 na turare. Turarukan da muka fi so a nan, irin su oud, sandal, ambar da miski, galibi masu nauyi ne, suna rage gudun kaki a cikin zare, sau da yawa sai an hau lamba ɗaya. Masu ƙamshin lemo da furanni sun fi sauƙi, wani lokaci har sai an sauka. Saboda haka kwalba ɗaya da kaki ɗaya na iya bukatar lagwani biyu daban don turare biyu. Abin da ban haushi, amma haka yake.

Humra da turaren fesawa ba sa shiga kyandir. Mai ruwa ba ya haɗuwa da kaki, mai giya a ciki kuma haɗari ne kusa da wuta. Turaren mai da ake shafawa a jiki ma wani an sirka shi da abin da ba ya narkewa cikin kaki, sai ki gan shi ya kwanta a gindin tukunya. Nemi wanda aka rubuta cewa na kyandir ne. Garin turaren wuta, busassun furanni da ƙyalƙyali a saman kyandir suna da kyau a Instagram, amma suna toshe lagwani ko su kama da wuta da kansu. Alli mai launi na yara shi ma toshewa yake yi. Launin kyandir na gaskiya ma idan ya yi duhu sosai yakan sa a hau lamba.

Zuba na gwaji

Ki samo kwalabe uku iri ɗaya sak. A ɗaya ki sa lambar da kika zaɓa, a ɗaya ta ƙasa da ita, a ɗaya ta sama. Manna ɗan ƙarfen gindin lagwanin a tsakiyar kwalba daidai. Idan ya kauce ko da rabin santimita ne, gefe ɗaya zai yi zafi ɗaya ya bar kaki, ki zargi lambar alhali ba laifinta ba ne. Maƙalin shanya ko tsinke biyu da aka ɗaure da roba sun isa su riƙe shi a miƙe daga sama.

Narka kakin a gwangwani ko ƙaramar tukunya da aka ɗora cikin wata tukunyar mai ruwa, kada ki ɗora shi kai tsaye a kan gas ko gawayi. Ya kai digiri 85 ki sauke, ki zuba turare, ki juya a hankali na minti biyu. Ya sauko wajen digiri 57 zuwa 60 ki zuba a kwalaben duka daga tukunya ɗaya, nauyi ɗaya. A bazara da asuba ko da dare ya fi, don da rana kakin yana daɗewa bai kama ba. Kada ki sa a firiji don sauri, tsagewa zai yi ya saki bango. Rubuta lambar lagwani, irin turare, kashinsa da kwanan wata a takarda ki manna a gindin kowace kwalba, domin bayan kwana goma duk kamarsu ɗaya.

Sai jira. Soya yana ci gaba da taurara bayan ya daskare, kuma gwajin da aka yi washegari ƙarya yake faɗa: kakin yana da laushi, ƙaramin lagwani sai ya yi kamar ya isa. Ki rufe kwalaben ki ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan mako ɗaya aƙalla, biyu ya fi. Rufewar tana da muhimmanci a lokacin ƙurar hunturu, don ƙurar da ta kwanta a kan kaki lagwani ne zai tsotse ta.

Kunnawa da karanta wutar

Datse kowane lagwani ya rage milimita 6. Auna nauyin kowace kwalba a sikelin kicin ki rubuta. Jera su a kan tire na ƙarfe ko a kan siminti, da tazarar taƙi guda a tsakaninsu don kada su ɗumama juna, nesa da labule da gidan sauro da hannun yara. Kashe fanka, ki rufe tagar da iska ke shigowa. Na san kashe fanka a watan Afrilu ba ƙaramin hukunci ba ne, amma iska tana kwantar da harshen wuta ta sa ya yi hayaƙi ko da lagwanin daidai yake. Idan kina da ma'aunin zafi, rubuta zafin ɗakin.

Kunna su tare, ki bar su awa huɗu, kina leƙawa duk awa. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce ruwan kaki ya faɗaɗa da kusan santimita 2 da rabi a kowace awa, kenan kwalba mai santimita 7 da rabi tana bukatar wajen awa uku kafin ruwan ya taɓa bango.

A awa ta uku ki durƙusa ki kalli kwalaben ta gefe, idonki daidai da fuskar kakin. A wadda lagwaninta ya dace, harshen wutar yana tsaye shiru, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, kansa ba ya fitar da zaren hayaƙi, kan lagwanin ya ɗan lanƙwasa yana da jan garwashi ƙarami a ƙarshe. Ruwan kakin ya kusa bango ko ya taɓa shi, zurfinsa rabin santimita zuwa santimita ɗaya, kuma za ki iya ɗora tafin hannunki a jikin kwalbar ki ɗan jima. A wadda ya yi wa yawa, wutar tana tsalle tana miƙewa, ruwan ya kai bango tun awa ta farko ko ta biyu, zurfinsa ya wuce santimita ɗaya da rabi, kan lagwanin ya tara baƙin ƙululu kamar kan ashana ko fiye, bakin kwalba ya fara baƙi, hannu ba ya iya zama a jiki. A wadda ya yi wa kaɗan, wutar ba ta kai santimita ɗaya da rabi ba, akwai zoben kaki mai kauri kamar yatsa a kewaye, ruwan kuma yana neman hawa kan lagwanin.

Ƙululun nan shi kaɗai ba hukunci ba ne. Ɗan ƙarami bayan awa huɗu abu ne da aka saba gani, musamman da CD ko da turare mai nauyi. Wanda ya girma har ya tsage ya faɗa cikin kaki shi ne alamar lagwani ya yi yawa ko turare ya wuce kima.

Kashe su, ki bar su su daskare sarai, ki sake aunawa. Idan kwalba ta rage giram 20 a awa huɗu, giram 5 take ci a awa, kenan giram 200 na kaki zai kai wajen awa 40. Wannan lissafin shi za ki faɗa wa mai saye idan ta ce, "Hajiya, kwana nawa yake yi?", maimakon ki ƙiyasta. Datse lagwani, ki sake kunnawa awa huɗu. Haka za ki yi ta yi har ƙasa.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa da wuri. Kunnawar farko ba ta yanke hukunci. Yayin da wuta ke sauka cikin kwalba, bangon yana tare zafi ya mayar da shi ciki, saboda haka rabin ƙasa kullum ya fi rabin sama zafi. Lagwanin da ya share bango tas a daren farko, sau da yawa shi ne zai yi hauka a dare na biyar. Wanda ya bar siririn kaki a bango a kunnawa ta farko da ta biyu, ya zo ya narkar da shi a ta uku ko ta huɗu, shi ne galibi na gaskiya. A kwalba mai ƙaramin baki kuma akwai wata matsalar: iska ba ta isa ƙasa sosai, wutar sai ta riƙa rawa tana hayaƙi. Idan saukar da lamba bai gyara ba, kwalbar ce ba ta dace ba. A daina kunna kyandir idan kakin da ya rage bai wuce santimita ɗaya ba.

Idan babu wanda ya yi a cikin ukun, duba wanda ya fi kusa ki matsa ta wajensa. Idan ECO 10 ya yi kaɗan, ECO 12 ya yi yawa, babu lamba a tsakani, sai ki koma dangin CD, ko ki rage turare daga kashi 10 zuwa 8 ki sake gwada ƙaramin. Abu ɗaya za ki canza a kowane zagaye. Idan kika canza lagwani da turare tare, ba za ki san wanda ya yi aikin ba.

Akwai hanyar rage asarar kaki a zagayen farko. Zuba kwalba ɗaya ba lagwani, bayan ta huta ki huda tsakiya da tsinken tsire, ki zura lagwanin da babu ƙarfen gindi. Idan bai yi ba, ki zare shi, ki daidaita fuskar kakin da ɗan zafi, ki zura wani. Wannan yana taimakawa wajen gane inda za a fara, amma ba ya maye gurbin gwajin ƙarshe, kuma kada ki bar shi ya yi ƙasa sosai, don lagwanin da ba a manna ba yana faɗuwa ya jingina da gilashi.

Gwajin mai saye

Bayan kin sami lambarki, zuba wata kwalbar ki yi mata abin da mai saye za ta yi. Ba za ta datse lagwani ba. Idan an ɗauke wuta tun magariba za ta kunna ta bar shi har bayan isha, wataƙila har tsakar dare, da taga a buɗe. Ki kunna shi awa takwas a jere ba datsewa, kina wurin, da murfin tukunya a kusa. Idan fuskar kakin ta kama da wuta, rufe ta za ki yi da murfin, kada ki watsa ruwa, domin ruwa fantsamar da wutar yake yi. Masu tsara ƙa'idojin kyandir a Turai da Amurka sun sa iyakar harshen wuta a wajen santimita 7 da rabi, amma ga kwalbar ɗaki, duk wutar da ta wuce santimita 5 ta zauna a haka ni ba zan sayar da ita ba. Idan ya faɗi wannan gwajin, sauka lamba ɗaya, ko da kuwa ya yi kyau a gwajin awa huɗu.

Daga zubin da ya yi nasara ki ware kwalabe biyu ki rufe su ki ɓoye. Idan a bazara kika yi gwajin, kunna ɗaya a Janairu. Idan a hunturu kika yi, kunna ta a Afrilu, ɗayar kuma a damina. Wata kwalbar lamba ɗaya za ta ɗauke ta duk shekara. Wata kuma, musamman mai faɗi da kaki mai laushi, za ki tarar tana bukatar lambar zafi da lambar sanyi, sai ki rubuta su biyun a littafinki, ki riƙa duba wata kafin ki zuba.